Filip Kujina, mai ɗaukan hoto na Yamai

Kai mai karatu, in kana da tsohon hoto cikin adakarka, ɗauko shi ka duba. Wa ya ɗauke shi? Yawancinmu ba mu sani ba. To, ga labarin ɗaya daga cikin masu wannan sana'a.

An haifi Filip Kujina a Kwatano, ƙasar Dahome wadda ake kira Benin yanzu, a shekarar 1940. Yana saurayi ya zo Yamai, a zamanin da Nijar ta samu mulkin kai, ran 3 ga Agusta 1960. Gari na girma, samari da ƴan mata sun samu aikin albashi, kowa na son a gan shi da sabuwar riga. Kujina ya fara da ɗaukar wa jarida hotuna, daga baya ya buɗe shagon kansa. Da rana iyali su zo su zauna gabansa. Da dare shi ya bi gidajen rawa da na'urarsa. Sunansa ya zagaya ƙasa, ya samu abin hannu.

Amma duniya rawar ƴan mata ce. Wajen 1980 injinan wanke hoto mai kala suka shigo Afirka ta Yamma, kasuwar masu baƙi da fari ta faɗi. Ciwon ido ya kama Kujina, mota kuma ta buge shi, sai da sanduna yake tafiya. A 2006 wasu mutanen Holan suka fitar da fim a kansa mai suna Photo Souvenir. Sun iske shi yana bara, aikinsa na shekaru jibge cikin kabad, ƙura ta rufe. Shekara guda bayan haka, abokin sana'arsa na Bamako, Malik Sidibe, ya karɓi babbar lambar yabo a birnin Benis na Italiya. Shi an adana aikinsa, duniya ta gani. Kujina ya rasu a Yamai a 2014.

Nan Kurfai ma akwai irin wannan dukiya: hotunan da iyayenmu suka kawo Filinge daga cin rani, da na katin ɗan ƙasa, da na buki. Gara da damshi suna cinsu, tsofaffin da suka san fuskokin suna ƙarewa. Kai da ka koyi rubutu, je ka tambaye su tun suna raye. Rubuta suna da gari da shekara a bayan kowane hoto, ka ajiye shi inda ruwa ba ya kai.