Giginya da Matsayinta a Tarihin Rayuwar Hausawa

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin nuna cewa giginya na daga cikin itatuwan da suka tallafi rayuwar Hausawa tun kafin zuwan Turawa, musamman ta fuskar gine-gine da abinci da kuma magani. Masana ilimin tsirrai suna kiranta Borassus aethiopum, sunan da masani Martius ya ba ta a shekarar 1838.

Giginya ta fi son fadama da bakin rafi, wato wuraren da ruwa yake kusa da doron ƙasa, ko da yake in ta kama sosai tana jure fari da gobarar daji. Wannan ne ya sa ake samun ta jingim a kwarin Dallol Mawri da ke yankin Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Akwai mace akwai namiji, kuma macen ce kawai ke yin 'ya'ya. Tsawonta kan kai mita 20 ko fiye, ba ta da rassa, shi ya sa Bahaushe ke cewa inuwar giginya na nesa ka sha. Sai dai itaciya ce mai nawar girma ƙwarai, domin takan ɗauki shekaru masu yawa kafin ta isa sara.

A ganin mai wannan bincike, babbar gudummawarta ga tarihi ita ce azara. Ana tsaga gangar jikinta, a bar tsakiyar mai taushi, a ɗauki ɓangaren waje mai tauri wanda gara ba ta cika ci ba. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, sai magina suka ƙware wajen ɗaure ta daki-daki a cikin ƙasa, har suka samar da bakan gizo da ɗaurin guga. Ke nan gajartar azara ce ta haifar da fasalin soron Bahaushe. Fitaccen misali shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846). Haka kuma sunan itaciyar ya shiga tarihin siyasa, domin a filin Giginya ne rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta kara da sojojin Ingila ranar 15 ga Maris, 1903, lokacin da aka ci Sakkwato.

Dangane da abinci kuwa, ana shan nunannun 'ya'yanta masu ƙanshi, wasu kuma su tace ruwan su dama kunu da shi. Amma abin da ya fi shahara shi ne muruci. Ana binne ƙwallon a rami, bayan wasu watanni ya tsiro, sai a tono a dafa ko a gasa. Ta fuskar magani, masu maganin gargajiya kan dafa saiwarta don ciwon ciki da ciwon maƙogwaro da tari, sannan jama'a sun daɗe suna ɗaukar muruci a matsayin maganin ƙarfin maza.

A nan ne matsalar take. Kowane muruci da aka ci, giginya guda ce da ba za ta tashi ba, alhali kuma manyan ana sare su domin azara. Zuwan kwano da siminti a ƙarni na 20 ya rage amfani da azara a birane, amma bai hana sara a karkara ba, kuma bunƙasar garuruwa ta ƙara wa muruci kasuwa. Wannan ya sa hukumomin Nijar suka sanya giginya cikin itatuwan da doka ta hana a sare sai da izini, suka kuma shigar da mutanen ƙauyukan Gaya cikin aikin kula da ita.