Bagaruwa: Abin da Majema Suka Riga Masana Sani

Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Maraɗi, ta Jibiya da Magama har Ɗan Isa, zai ga itatuwan bagaruwa a bakin fadamu. A kasuwa kuma 'ya'yanta ba sa rasa mai saye. Tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su shata wannan iyaka a farkon ƙarni na 20, bagaruwa ce ƙashin bayan sana'ar jima a yankin.

Ɗanyar fata, in aka bar ta, kwana kaɗan za ta yi ta fara wari, domin ƙwayoyin bakteriya sun samu abinci. Majemi sai ya cire gashin da ruwan toka, ya daka bagaruwa ya jiƙa, ya tsoma fatar a ciki. In ta jemu, sai ta shekara da shekaru ba ta ruɓe ba. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda ake rinawa da karan dafi, haka ta riƙa ƙetare Sahara har Turai, inda aka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Katsina da Kano a 1851, ya yi bayanin kayan fatar da ya tarar.

To, mene ne sirrin? A 1786 Carl Scheele, masani ɗan Suwidin, ya tace sinadarin galik daga ƙullutun itacen oak. A 1796 kuma Bafaranshe Armand Seguin ya yi amfani da kalmar tanin ga sinadaran da ke jeme fata. 'Ya'yan bagaruwa cike suke da su. Aikin tanin shi ne ya kama furotin ya ɗaure. Ya ɗaure zaren fata, ya ɗaure sinadaran da bakteriya ke narka abinci da su, ya kuma ƙwace ƙarfen da suke buƙata. Haka nan yana tare ɓarnar da iskar oksijin ke yi wa ƙwayoyin halitta, irin wadda ke sa mai ya yi ɗoyi.

Can ƙasar Sin ma labarin ke nan. Furen fiyoni, wanda aka daɗe ana magani da saiwarsa, yana ɗauke da dangin wannan tanin, shi ya sa masana ke gwada shi a kan ƙwayoyin cuta.

Me ya sa ake waiwayar tsirrai yanzu? Saboda magungunan asibiti sun fara gazawa. An ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai, bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya.

Amma fa a yi hattara. Kashe ƙwayar cuta a faranti a ɗakin gwaji daban, warkar da mutum daban. Tanin ba ya tantance furotin na ƙwayar cuta da na hanjinka. Yawan shansa na rage ƙarfen da jiki ke tsotsa daga abinci, abin da ke da haɗari ga mai ciki da mai ƙarancin jini. Iyayenmu sun fi amfani da bagaruwa a waje: kurkure baki, wanke miki, da ruwan zama ga mai jego.

Majema sun gama nasu gwajin a kan fata. Saura namu a kan mutum: nawa za a sha, tsawon wane lokaci, wa kuma zai ƙaurace mata. Kafin nan, kada a bari masu gawayi su ƙarar da itacen.