Gafalar Ɓarin Hagu Bayan Shanyewar Jiki

Gafalar ɓarin hagu lalura ce da kan biyo bayan shanyewar ɓarin jiki, galibi idan illar ta sami sashen dama na ƙwaƙwalwa, inda majinyaci, ko da idanunsa na gani, yakan shagala daga duk abin da ke hagunsa, har a ajiye masa akushin tuwo ya cinye gefen dama ya nemi ƙari, alhali rabi na nan bai taɓa ba.

Hughlings Jackson na Ingila ya bayyana alamunta tun 1876, Russell Brain kuma ya yi mata sharhi a 1941, amma hujjar da ta fi kowace ƙarfi daga Italiya ta zo a 1978, sa'ad da Bisiach da Luzzatti suka nemi majinyata biyu su kawo dandalin babbar majami'ar Milan a zuci, kamar suna tsaye a wani ƙarshensa, su lissafa gine-ginensa, sai suka ambaci na dama kaɗai. Da aka ce su ɗauka sun tsaya a ɗaya ƙarshen, sai waɗanda suka tsallake ɗazu suka bayyana gare su. Nan aka tabbatar illar a hankali take, ba a ido ba.

Wajen gano lalurar, jarrabawar farko ta alƙalami ce, kamar ta Albert ta 1973, inda ake soke layuka a takarda. Wajen magani kuma, a 1998 Rossetti da abokan aikinsa a Liyon suka sa wa majinyata tabarau mai karkatar da gani daraja goma zuwa dama, suna nuni da yatsa, da aka cire sai gafalar ta ragu na ɗan lokaci.

A ganina, ga gari irin Hawandawaki, inda ganin mai gashin jiki sai an nufi Tasawa ko Maraɗi, ma'aunin Katarin Bergego na Faransa ya fi dacewa wajen gano lalurar, domin abubuwa goman da yake dubawa na yau da kullum ne, irin su cin abinci, sa tufafi da karo da bakin ƙofa, waɗanda matar gida kan riga likita gani.

Mai jinya, kada ka ɗauka wannan gafalar taurin kai ce ko shafar iska. Ka kai majinyacin asibiti, a gida kuma ka riƙa zama ta hagunsa, kana kiran sunansa har ya waiwayo.