3.2 Helmstan na Fonthill da Iyayen Gidansa

A wannan sashe za a duba rayuwar wani ƙaramin mai ƙasa, domin a ga yadda barantaka take aiki a Ingila ta zamanin Angulo-Sakson. Sunansa Helmstan, ya rayu a yankin Wiltshire cikin daular Wesseks. Labarinsa ya fito ne daga wata wasiƙa da aka aika wa Sarki Edward, wanda ya yi mulki daga 899 zuwa 924. Masana sun fi karkata ga cewa Ordlaf, babban hakimin yankin, shi ne ya aika ta.

Gaba ɗaya ƙasar da aka yi rikici a kanta kaso biyar ce a Fonthill, kowane kaso kuwa ana ƙiyasta zai ciyar da gida guda. A zamanin Sarki Alfred (871-899) Helmstan ya saci ɗamarar wani mutum. Wannan abin kunya ya rage darajar rantsuwarsa, nan take kuwa wani mai suna Athelhelm Higa ya taso yana da'awar ƙasar. Helmstan bai da ƙarfin tsayawa shi kaɗai, saboda haka ya garzaya wurin Ordlaf, wanda ya taɓa tsaya masa a matsayin uba a coci. Ordlaf ya kai maganar gaban sarki. Masu sasantawa suka duba takardar mallaka, suka amince Helmstan ya rantse. Higa ya ƙi yarda sai da aka shiga wurin Alfred a Wardour, aka tarar yana wanke hannu a ɗaki. Da ya gama, ya tabbatar da hukuncin.

A nan ne ainihin barantakar ta bayyana. Rantsuwa a wancan zamani tana buƙatar masu dafa wa mutum, Ordlaf kuma bai dafa kyauta ba. Helmstan ya miƙa masa takardar ƙasar, shi kuma ya bar masa ita aro har ƙarshen ransa, bisa sharaɗin ya kiyaye mutuncinsa. Ma'ana dai ya ci shari'a, amma ƙasar ta koma hannun uban gidansa.

Bai kiyaye sharaɗin ba. Bayan shekara ɗaya da rabi ko biyu ya kore wasu shanu daga Fonthill, aka bi sawu aka cim masa. Garin gudu ƙaya ta karce masa fuska, wannan tabon ne ya ƙaryata shi da ya so yin musu. Wakilin sarki ya ƙwace dukiyarsa da ke Tisbury, da hujjar cewa shi baran sarki ne, Edward kuma ya cire masa kariyar doka. Fonthill ba ta shiga cikin abin da aka ƙwace ba, tunda aro ce a hannunsa. Daga baya Helmstan ya ziyarci kabarin Alfred, ya kawo wa Ordlaf hatimi, Ordlaf ya miƙa wa sarki a Chippenham, aka yafe masa.

Ya kamata a lura cewa wasiƙar ba don Helmstan aka rubuta ta ba. Ordlaf ya riga ya yi musayar Fonthill da wata ƙasa a Lydiard daga hannun bishof na Winchester, Higa kuwa ya sake tayar da maganar. Hakimin na kare wannan musaya ne, saboda haka duk abin da aka sani game da Helmstan ta bakin wanda ya ci ribar faɗuwarsa aka ji shi. A bayan takardar an rubuta cewa Higa ya janye ƙararsa lokacin da sarki yake Warminster.