Gaggafar Runduna ta Tara da Muryar Keltawa

Duk marubucin da zai ƙaga wa matasa labari a kan Rumawa da Keltawa, shaidar ɓangare ɗaya ce a hannunsa. Keltawan Birtaniya ba su bar tarihinsu a rubuce ba. Mafi yawan abin da aka sani game da su daga alƙalamin Rumawa ya fito, irin su Juliyas Kaisar da Tasitus. Yadda marubuci ya yi da wannan giɓi shi ne ma'aunin aikinsa.

A littafinta na 1954, The Eagle of the Ninth, Rosemary Sutcliff ta ɗora labarin a kan abu biyu: ɓacewar Runduna ta Tara ta Rumawa daga tarihi, da wata gaggafar tagulla marar fukafukai da aka tono a Silchester a 1866. Marcus, matashin hafsan da rauni a ƙafa ya raba da aikin soja, ya ƙetare Ganuwar Hadrian a shigar mai maganin ido, yana neman gaggafar da ke matsayin tutar rundunar mahaifinsa, wato Runduna ta Tara. Daga baya tubala masu tambarin rundunar da aka samu a Nijmegen ta ƙasar Holan sun sa masana da dama shakkar cewa a arewacin Birtaniya rundunar ta halaka, kamar yadda littafin ya nuna. Wannan bai rage wa littafin daraja ba.

Ƙarfinsa yana wurin Esca, ɗan ƙabilar Brigantes wanda Marcus ya saya bawa, ya kuma 'yanta shi kafin su kama hanya. Akwai wurin da Esca ya jera zanen kuben wuƙar Rumawa da na garkuwar mutanensa. Na farko tsararre ne, komai a ƙa'ide. Na biyu yana lanƙwasa yana gudana tamkar ruwa. Da kayan hannu biyu kacal yaro mai karatu ya gane cewa waɗanda aka ci da yaƙi suna da nasu tsarin da nasu ganin duniya, kuma hanyoyi da dokokin da Rum ta kawo ba su biya su abin da suka rasa ba. A ganina nan ne Sutcliff ta fi littattafan makaranta gaskiya.

Sai dai da idon Marcus muke kallon komai. Mutuncin Rum ake neman farfaɗowa, kuma Esca, duk da 'yancinsa, mai rakiya ne a tafiyar wani. Littafin ya ba Keltawa murya, amma ragamar labarin tana hannun Rumawa.