Rediyon da ya gudu teku

Ranar 28 ga Maris 1964, masu sauraro a kudancin Ingila suka murɗa akwatin rediyo suka ci karo da wata tasha da ba su san da zamanta ba. Sunanta Radio Caroline, kuma daga cikin jirgin ruwa take magana. Mai ita, Ronan O'Rahilly, matashi ne ɗan ƙasar Ayalan da ya hango kafar da doka ta bari: ikon Birtaniya a teku bai wuce mil uku daga gaɓa ba. Sai ya kafa turken watsa shirye-shirye a kan jirgi, ya girke shi a bayan wannan iyaka.

A lokacin BBC kaɗai ke da izinin yin rediyo a ƙasar, kuma waƙoƙin samari ɗan lokaci kaɗan take ba su. Caroline kuwa wuni take tana sakin faifai. Kafin a ankara wasu tashoshin sun biyo sahu, wasu a jirage, wasu a tsofaffin hasumiyoyin soja da aka kafa cikin ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu.

Gwamnati ta ce waɗannan tashoshi suna hawa mitocin da ba a ba su ba, suna shiga tashoshin ƙasashen maƙwabta, suna iya toshe kiran jiragen da ke neman agaji. Duk wanda ya taɓa zama gaban makirfo ya san ƙorafin ba na banza ba ne. Mita kamar gona take, in ba a ja iyaka ba mai ƙarfi ne zai nome ta mara ƙarfi. Amma hukuma ta yi ta jan ƙafa, don masu sauraro miliyoyi ne, kuma a cikinsu akwai masu jefa ƙuri'a. Sai da jini ya zuba. A watan Yuni 1966 aka harbe Reg Calvert, mai tashar Radio City, a rikicin da ya haɗa shi da wani abokin harkarsa a kan na'urar watsa shirye-shirye.

Dokar da majalisa ta zartar a 1967 ta zo da wayo. Tun da hannu ba ya kaiwa ga jirgin, sai aka datse igiyarsa daga tudu. Ya zama laifi ga ɗan Birtaniya ya yi aiki a irin wannan tasha, ko ya kai mata abinci, ruwa, mai ko faifai, ko ya ba ta talla. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 2. Tallar ce makasa, don da ita ake biyan albashi. Ranar 14 ga Agusta 1967, ana gobe dokar za ta fara aiki, Radio London ta yi sallama da ƙarfe 3 na rana. Caroline ta ƙi. Johnnie Walker ya ci gaba da magana bayan sha biyun dare, yana sane da cewa daga wannan minti ya zama mai laifi.

Ni a ganina, abin da ya gama da tashoshin ya faru ne bayan mako shida. Ranar 30 ga Satumba BBC ta buɗe Radio 1, kuma muryar da ta buɗe ta ta Tony Blackburn ce, tsohon ma'aikacin Caroline da Radio London. Hukumar da ta kira su ɓarayin iska ita ce ta buɗe wa gwanayensu ƙofa.

Caroline ta yi ta faɗi tashi. A 1968 masu bin ta bashi suka ja jiragenta biyu zuwa Holan. Ta dawo, jirginta Mi Amigo ya nutse a 1980. Ta sake dawowa da Ross Revenge, jami'an Holan suka hau shi a Agusta 1989 suka kwashe kayan aiki. A 2017 hukumar sadarwa ta Ofcom ta ba ta lasisi a kan matsakaicin zango, kilohaz 648, mitar da sashen BBC na ƙasashen waje ya daɗe yana amfani da ita.