Daga gidan waya zuwa WhatsApp: yadda muka yi ta neman arhar kiran Faransa

 Akwai tambayar da ba ta tsufa a wannan yanki: ta wace hanya mutum zai kira Faransa ba tare da kiredinsa ya ƙare tun ana cikin gaisuwa ba? Wani zai ce ai wannan zance ya wuce, tunda ga WhatsApp. To, bai wuce ba. Wanda ɗansa ke neman gurbin karatu a wata jami'a can, ko wanda takardarsa ta maƙale a wani ofis, ya san WhatsApp ba ya shiga wayar ofis. Shi ya sa yau muka ga ya dace mu koma baya, mu ga inda aka faro.

Gaskiya mutanenmu da ke Faransa ba su da yawa. Hanyar cin raninmu Kano ce da Daura da Legas, sai Agadas da Aljeriya da Libiya. Amma 'yan kaɗan ɗin da ke can, ɗalibai ne, ko ma'aikata, ko waɗanda aure ya kai, ko masu jinya, kowane ɗaya akwai gida guda a bayansa da ke jiran jin muryarsa.

Gyaɗarmu ta riga muryarmu isa Faransa. Zamanin Turawa, buhunan da aka auna a kasuwannin Matameye da Magarya sukan bi ta Kano, jirgin ƙasa ya kai su Legas, daga can sai masana'antun mai na Faransa. Mai gyaɗar kuwa ba shi da hanyar cewa uffan. Damagaram ce babban birnin ƙasa daga 1911 har 1926 da aka mayar da shi Yamai, kuma wayar da Turawa suka ja a kan turaku ta tangaraho ce, ana buga saƙo harafi bayan harafi. Daga nan muka gaji kalmominmu. Har gobe muna cewa "buga waya" da "gidan waya", alhali abin da ke aljihunmu ko zare babu a jikinsa. Waccan wayar ta kwamanda ce da manyan kantuna. Talaka sai wasiƙa.

Bayan 'yancin kai na 1960, waya da wasiƙa duka suna hannun hukuma guda, OPT. Mai son kiran waje sai ya je gidan waya, ya ba da lamba, ya nemi benci ya zauna. Ma'aikaci ya nemi Yamai, Yamai ta nemi Paris. Wani lokaci a samu, wani lokaci a ce ka dawo gobe. Abin dariya ma, layukan an shimfiɗa su ne suna kallon Turai, ta yadda kira tsakanin ƙasar da Faransa ta mulka da maƙwabciyarta da Ingila ta mulka yakan zaga ta Paris da Landan kafin ya sauka. Ke nan a kan waya Paris ta fi Kano kusa da mu.

A wancan lokaci hanyar arha ita ce kada ka kira. Ka je wurin mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya, ko wurin mushen lakwal, ka faɗa masa sirrin gidanku ya juya shi da Faransanci. Sai kaset ya zo ya raba gardama. Tsohuwa ta zauna gaban rediyo, a danna mata, ta yi magana da Hausarta: wane ya rasu, wance ta haihu, damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma ka tuna da mu. Kaset na minti 60 ko 90 ya ishi gida duka, har yara su sa baki a ƙarshe. A ba matafiyi ya kai. Amsa takan ɗauki wata biyu, amma babu mai ƙirga maka minti, kuma babu baƙon da ya ji sirrinka. Mu ma'aikatan rediyo muna ganin ba a ba kaset haƙƙinsa a wannan tarihi ba.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa da ake saye tamma 50 ya koma tamma 100. Duk abin da ke da alaƙa da waje ya yi nauyi a aljihu. A 1997 aka raba OPT, Sonitel ta ɗauki ɓangaren tarho. A waɗannan shekaru ne telesantir suka bazu a birane, wato ɗan shago mai layin Sonitel da ɗan akwatin da ke ƙirga inite. In cikin gari ka kira, akwatin yana tafiya a hankali. In Faransa ce, sai ka ga lambobi suna gudu kamar an kore su. Mutum yana magana, ido na kan akwati, har ya manta abin da ya kawo shi daga ƙauye.

A nan ne aka ƙirƙiro dabarar da har yau muke kanta. Ka kira na minti ɗaya kacal: "Ni ne, kira ni a wannan lamba ranar Juma'a bayan la'asar." Ka ajiye. Ranar Juma'a gida duka su yi wanka su zo su jira a bakin shago. Shi kuma na can ya sayi katin kira a kantin taba, ko ya shiga shagunan waya na baƙi da suka cika unguwanni irin su Barbès a Paris. Kiran bai yi arha ba, an dai mayar da nauyin kan wanda ke karɓar albashi da kuɗin Turai.

Salula ta shigo Nijar a sosai daga 2001, shekarar da Celtel ta fara aiki. Sunaye sun yi ta canzawa a gabanmu: Celtel ta koma Zain a 2008, ta koma Airtel a 2010. Telecel ta koma Moov. Orange ta zo a 2008, ta sayar a 2019, aka samu Zamani. Sonitel da SahelCom kuma aka haɗe su a 2016 suka zama Niger Telecoms. Rezo bai iso ƙauyuka rana ɗaya ba. Da yawa cikinmu sun tuna hawan tudu da ɗaga waya sama, da kai ta sharji wurin mai janareto ranar kasuwa. A garuruwan bakin iyaka kamar Ɗan Barto, mutum yakan riƙe layi biyu, na Nijar da na Najeriya, ya duba wanda ya fi sauƙi. Dabarar telesantir kuma ta samu sabon suna, bip. Ka bari ta yi ƙara sau ɗaya ka kashe, na can ya gane.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. In ka kira wata ƙasa, kamfaninka yana biyan kamfanin can kuɗin sauke kiran. Shekaru da dama, sauke kira a portabul na Faransa ya fi sauke shi a fiks tsada nesa ba kusa ba. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa ka nemi lambar gida, kada ka kira ta aljihu. Tarayyar Turai ta zo ta ƙayyade wannan kuɗi daga Yulin 2021, kuma tun 2024 bai wuce santim 0.2 na yuro a minti ba ga portabul, 0.07 ga fiks. Da yake yuro ɗaya tamma 656 ne ba kaɗan, na portabul ɗin tamma ɗaya ce da ɗan ɗori. Ko dala bai kai ba. Sai dai wannan rangwame an yi shi ne don kiran da ya taso daga lambobin Turai. Lamba mai farawa da +227 ba ta cikin rabon, ana iya caje ta fiye da haka, sannan kamfanin nan gida ya ɗora nasa.

Ta ɗaya gefen ma akwai shinge. Gwamnatinmu ta sa haraji kan kowane minti na kiran da ke shigowa daga waje, wanda ake kira TATTIE. An cire shi a kasafin kuɗin 2018, aka dawo da shi a na 2019. Wa ke biya? A takarda kamfanoni ne, amma a ƙarshe ɗan'uwanka ne da ka yi wa bip. Ɗalibin da ke kiran ko'ina cikin Faransa ba iyaka da forfensa, in ya juyo Nijar sai ya sayi layin Lycamobile ko Lebara, ko ya zuba kuɗi a Libon, yana lissafin minti kamar yadda babansa ya yi a telesantir. Tsadar nan ce kuma ta haifi masu satar hanya. In an taɓa kiran ka daga Faransa amma ka ga lambar Nijar ta fito, murya tana yankewa, to kiran ya biyo ta intanet ne aka sauke shi ta wani akwati cike da layukan gida, don a kauce wa kuɗin shigowa.

Intanet ce ta fasa katangar. Skype ya fito a 2003, amma sai mai zuwa sibar a Damagaram ko Yamai ya san shi. Wanda ya iso har zaure shi ne WhatsApp: saƙon murya a 2013, kira a 2015. Ku duba da kyau, vokal ɗin nan da iyayenmu mata suka riƙe hannu biyu ai kaset ne ya dawo. Ba ya buƙatar karatu, ba ya buƙatar rezo mai ƙarfi, in konekson ya ɗauke zai jira ya tafi da dare. Tun da aka buɗe Starlink a Nijar a 2025, ga masu sayar da wifi na awa suna ƙaruwa. Tsakanin uwa da ɗa, magana ta kusa zama kyauta.

Amma tsakanin talaka da ofis fa? Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sojojin Faransa sun fice a Disamba, ofishin jakadancinta na Yamai ya rufe a farkon Janairun 2024. Kowa da ra'ayinsa kan wannan, ba shi ne zancenmu na yau ba. Zancenmu shi ne takardun mutane ba su rufe ba. Mai neman takardar aure ko ta haihuwa da ta shafi Faransa, da mai ƙorafi kan bizar da aka hana shi, ofisoshinsu suna Nantes. Jami'a, likita, ma'aikatar fansho, duka fiks ne. Ga shi Skype, wanda da shi ake kiran fiks da rahusa, Microsoft ta rufe shi a watan Mayun 2025. Viber Out da ire-irensa suna nan, kuma suna shiga fiks da portabul, sai dai galibi da katin banki ake zuba musu kuɗi. Mutum nawa ke da katin banki a Yauri?

Saboda haka hanyar da ta fi arha a yau jikar ta telesantir ce. Ka tura wa na can vokal, ka bayyana masa matsalar, ka ɗauki hoton takardar. Shi ya kira ofis ɗin, domin yawancin forfen Faransa kiran fiks da portabul na cikin ƙasa ba shi da iyaka, tun bayan da Free ta karya farashi a 2012. In dole sai an ji muryarka, ya kira ka ta WhatsApp a waya guda, ya kira ofis a wata, ya buɗe lasifika. In ba ka da kowa can, ka tambayi kamfaninka ko yana da forfen kiran waje kafin ka danna, kada ka kira da kiredi tsura. Ka rubuta lambar dosiyenka da tambayoyinka a takarda tukuna, don jiran layi ma kuɗi ne.

Lambar Faransa alƙaluma 10 ce tun 1996. Ka sa +33, ka jefar da sifirin farko. Kafin 2023, mai farawa da 01 yankin Paris ce, 02 su Nantes, 04 su Marseille da Lyon, 05 su Bordeaux da Toulouse. Duk waɗannan fiks ne, haka 03 da 09. Masu 06 da 07 portabul ne. Wadda ta fara da 08 kuwa a yi hattara da ita: wasu ba sa shiga daga waje, wasu kuɗinsu na musamman ne, gara ka nemi ofis ɗin ya ba ka lambar da ake kira daga ƙetare. Sai agogo. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris lokacinmu ɗaya da su. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa guda, wato ƙarfe 11 namu 12 ce tasu, kuma ofisoshi da yawa a daidai nan suke ajiye waya su tafi cin abinci.